Layukan da ke jikin gilashin bayan mota: tambayoyi da amsoshi ga masu tuƙi a Kano

Yawancin motocin da ke yawo a Kano 'yan Kwatano ne. An ƙera su don ƙasashen sanyi, sun kuma zo mana da kayan aikin da ba kowa ya damu ya san amfaninsu ba. Ɗaya daga ciki shi ne siraran layukan nan masu launin jan ƙasa da ke kwance a gilashin baya. Ga tambayoyin da masu mota da direbobin haya suka fi yi a kansu.

Waɗannan layukan ado ne ko suna da aiki?

Hita ce. Kowane layi hanyar wutar lantarki ne, idan wuta ta bi ta cikinsa sai ya yi ɗumi, ɗumin ya shiga gilashi ya busar da gumin da ya lulluɓe shi. Ba waya ce aka binne a cikin gilashin ba, kamar yadda wasu suke zato. Wani irin fenti ne da aka haɗa da garin azurfa da garin gilashi, aka buga shi a fuskar gilashin ta ciki, sannan aka gasa su tare a masana'anta har ya kama. Shiga kujerar baya ka shafa da yatsa, za ka ji ɗan tudunsu. Shafa ta waje, sumul za ka ji. Kusan duk matsalar da ke samun hitar nan daga nan take farawa: a fili take, babu abin da ya rufe ta, kowane abu mai kaifi zai iya yanke ta.

Injiniyan da aka fi dangantawa da wannan dabara Bajamushe ne, Heinz Kunert, a shekarun 1960. Kafin ta yaɗu, wasu motocin Amurka ƙaramar fanka ake sa musu a bayan kujera tana hura wa gilashin iska.

Ta ina wutar take shiga?

A gefen hagu da gefen dama na gilashin akwai faffaɗan layi guda ɗaya a tsaye, sau da yawa a ɓoye ƙarƙashin baƙin fenti ko robar gefe. Kowannensu yana da ɗan kunne na ƙarfe da aka liƙa da dalma, a nan waya take shiga. Wuta tana tasowa daga batir, ta bi ta fiyus, ta bi ta rile (ɗan makunnin da ke buɗe wa wutar hanya idan an danna maɓalli), ta shiga gefe ɗaya, ta rarrabu cikin siraran layukan, ta haɗu a ɗaya gefen, ta sauka a jikin ƙarfen mota. Saboda layukan sirara ne, wutar ba ta wucewa cikin sauƙi, wannan turjiyar ce take zama zafi.

Kowane layi da tasa hanyar. Shi ya sa ɗaya zai yanke sauran su ci gaba da aiki.

Wane maɓalli ne nata?

Duba kusa da maɓallan esi. Za ka ga zanen akwati mai kusurwa huɗu, da kibau uku masu lanƙwasa sun ratsa shi suna kallon sama. Wannan na baya ne, wasu motocin ma an rubuta REAR a jikinsa. Mai kama da shi wanda zanensa ya yi baka-baka kamar mafici, na gilashin gaba ne. Idan ka danna, ɗan ƙwai mai ruwan goro zai kama a jikin maɓallin ko a dashbod. A motoci da yawa maɓallin nan ɗaya ne yake ɗumama madubin gefe ma, in dai suna da hita.

Malam, mu da ba mu da dusar ƙanƙara a Kano, me za mu yi da ita?

Gaskiya ne, ko a muku-mukun Janairu ƙanƙara ba ta daskarewa a gilashin mota a Kano. Amma hitar aiki biyu gare ta: narkar da ƙanƙara a inda take zuba, da korar gumin gilashi a ko'ina. Na biyun namu ne, kuma lokacinsa damina.

Ɗauki robar zoɓo da aka ciro daga kula da tsakar rana. Kafin ka miƙa kuɗi jikinta ya jiƙe sharkaf. Ba zoɓon ne ya yi yoyo ba, laimar da ke cikin iska ce ta taɓa abu mai sanyi ta koma ruwa. Abin da ke faruwa a mota ke nan idan ruwa ya sauko. Ta waje ruwan sama yana dukan gilashi yana sanyaya shi. Ta ciki an rufe tagogi ruf, ga mutum biyar ko bakwai suna numfashi, ga riguna sun jiƙe, ga lema a ƙasa tana ɗiga. Iskar cikin motar ta ƙoshi da laima, tana taɓa gilashi sai ya yi fari fat. Na gaba, direba yana iya miƙa hannu da tsumma, wani ma da hularsa. Na baya wa zai kai? A Golf ko Sharon da ta cika da fasinja daga Unguwa Uku, sai dai direba ya roƙi na kujerar baya: "Baba, don Allah ɗan goge mana gilashin nan." Baba ya goge da tafin hannu, minti biyu ya sake rufewa, ga kuma shatin maiƙo ya bari.

Tuƙin cikin garin Kano kuwa rabinsa kallon baya ne. Ɗan adaidaita sahu yana manne da bambarka, mai babur yana neman kutsawa ta dama, kai kuma kana son sauya hannu kafin ka hau gadar Dangi ko ka gangara ƙarƙashin ta Kabuga. A markar Agusta, da magariba, madubin gefe duk ɗigon ruwa ne, fitilun na bayanka sun tarwatse a cikinsu. Idan madubin tsakiya ma ya mutu saboda gilashin baya ya rufe, da ƙaddara kawai kake sauya hannu. A ganina babu wani maɓalli a dashbod da aka raina a garin nan alhali yana da amfani kamar wannan.

To da hunturu fa?

Da hunturu ba a cika bukatarta ba, duk da cewa lokacin ne mutane suke tuna ta saboda sanyi. Iskar hunturu busasshiya ce, da rana laimarta takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, gumi ba ya samun abin da zai yi da shi. Sai dai da asuba, in an cika mota da 'yan makaranta an rufe tagogi saboda jaura, gilashi yakan yi dishi-dishi. Danna ta, ko ka ɗan sauke taga, zai washe.

Abin da ke rufe gilashi da hunturu ƙura ce, hita kuma ba ta da abin da za ta yi wa ƙura. Ruwa da tsumma ne maganinta.

Yaya zan gane gumin na ciki ne ko na waje?

Taɓa. Idan yatsanka ya bar shaida ta ciki, na ciki ne. Gumin waje yakan zo ne idan an ƙure esi a rana mai laima, gilashi ya fi iskar waje sanyi, ko kuma raɓa ta kwanta da dare. Waifa tana share na waje in motar tana da waifar baya. Hita tana korar duka biyun, sai dai na waje ya fi ɗaukar lokaci, don sai ɗumin ya ratsa kaurin gilashin.

Motata tana da esi mai kyau. Bai wadatar ba?

Esi yana busar da iskar cikin mota, ruwan da kake gani yana ɗiga a ƙarƙashin mota idan ka tsaya shi ne laimar da ya cire. Saboda haka yana taimakawa ƙwarai, shi ne ma babban maganin gilashin gaba. Amma iskarsa kafin ta isa gilashin baya ta ratsa kawunan mutane da kujeru, musamman a doguwar mota irin Sienna. Haɗa su biyu: kunna esi, danna hitar baya, sannan ka kashe maɓallin da ke juya iskar ciki, wanda aka zana mota da kibiya ta lanƙwasa a cikinta. Idan ka bar shi a kunne, numfashin fasinja kake ta juyawa. Wanda esinsa ya mutu, ya bar tagogin baya a buɗe kamar faɗin yatsa biyu.

Ba ta cin batir?

Tana ci, kuma ba kaɗan ba. A ƙananan motoci takan ja amfiya 10 zuwa 20, wato wajen wat 150 zuwa 250. Ƙwan babbar fitila ɗaya wat 55 ne, biyun 110, ka ga ta fi su ci. Idan inji yana aiki ba damuwa, altaneta, na'urar da ke cajin batir, ita ce take ɗaukar nauyin, man da za a ƙara sha kuma bai kai a yi maganarsa ba. Inda ake samun matsala shi ne mutum ya murɗa makulli rabi, inji a kashe, ya bar ta a kunne yana jiran Hajiya ta fito daga Kantin Kwari. Batirin da dama ya tsufa, sai turi.

Akwai kuma gwajin da take yi maka kyauta. Idan kana tsaye a cunkoso da dare, ga fitila, ga waifa, ga fankar esi, ka danna hita sai fitilu suka dusashe sosai ba su dawo ba, je a duba altaneta da bel ɗinta.

Tana kashe kanta bayan ɗan lokaci. Lalacewa ce?

A'a, haka aka yi ta. Yawancin motoci suna kashe ta da kansu bayan minti 10 zuwa 15. Idan gumin ya dawo, sake dannawa. Wasu tsofaffin motoci ba su da wannan, sai ka kashe da hannunka.

A zafin Kano, ba za ta fasa gilashin ba?

Gilashi mai lafiya, a'a. Ɗumin da take bayarwa bai kai wanda rana ke ɗora wa motar da aka ajiye a fili a watan Afrilu ba. Gilashin baya kuma gasasshe ne, an yi shi don jure irin wannan. Inda ake jin tsoro shi ne gilashin da gefensa ya ɗan ɓalle, ko wanda aka yi wa mugun liƙi a wurin kunnen waya, har wuri ɗaya yana yin zafi fiye da kima. Irin wannan gilashin ba ya tsagewa a hankali kamar na gaba, tarwatsewa yake yi gaba ɗaya ya zama tsakuwa-tsakuwa. Idan ka ji ƙauri ko ka ga wuri ya yi baƙi kusa da kunnen, kada ka sake kunnawa sai mai wayarin ya gani.

Bakanikena ya cire tamostat (abin da ke daidaita zafin inji), ya kuma toshe tiyon hitar cikin mota. Ya shafi ta baya?

Bai shafe ta ba. Hitar cikin mota da ruwan lagireto take aiki, ta gilashin baya da wutar batir. Abin da ka rasa shi ne iska mai ɗumi ga gilashin gaba. Cire tamostat kansa wata magana ce daban, kuma ban goyi bayansa ba.

Zan sa tintak, wato baƙar ledar gilashi. Zai hana ta aiki?

Batun takardar izinin baƙin gilashi tsakaninka ne da 'yan sanda. Ta fuskar hita, ledar da aka manna da kyau ba ta hana ta aiki, ɗumin kuma ba ya narkar da leda mai kyau. Ɓarnar a wuri biyu take zuwa.

Na farko wajen mannawa. Mai aikin da ya sani a waje yake auna ledar ya yanka, sannan ya shigar da ita ciki. Mai gaggawa kuwa sai ya manna ta ciki, ya bi gefe da reza yana datsewa, ya yanke faffaɗan layin tsaye ko ƙarshen siraran ba tare da ya sani ba. Kafin ya fara kuma yakan kankare gilashin da reza don cire datti. A tagogin gefe ba laifi, a na baya ta'adi ne.

Na biyu, kuma shi ne ya fi kashe hita a garin nan, wajen cirewa. Ledar ta tsufa ta koma shuɗi-shuɗi ta yi ƙuraje, ko an tsare mutum a hanya ya ji tsoro ya ce a ɓare masa yanzu-yanzu. Yaro ya kama kusurwa ya fizge, ledar ta taho da guntayen layuka a jikinta, sauran gam ɗin kuma a bi shi da reza daga sama zuwa ƙasa. Cikin minti goma an gama da abin da ya yi shekara ashirin lafiya. Yadda ya kamata shi ne a ɗumama ledar tukuna, da tururi ko da na'urar busar da gashi. Juya bayan motar ga rana na awa ɗaya ma yana rage rabin aikin. A ja ta a hankali, a jiƙa ragowar gam da ruwan sabulu ko sifirit, a goge da tsumma mai laushi. Tsaya a kan mai aikin ka faɗa masa tun kafin ya fara: "Maigida, ban da reza a gilashin baya." In ya ce ai kowa haka yake yi, ɗauki motarka.

Ban taɓa sa tintak ba, amma layukan sun yanke. Me ya jawo?

Sitika ta ciki, wadda aka manna lokacin siyasa ko ta wata ƙungiya, aka zo aka kankare. Kaya a but: buhun da aka ɗauko daga Dawanau, kwalin da kusurwarsa take gogar gilashi tun daga Singa har gida, ƙarfe, keken yara. Zobe ko agogon mai goge gilashi. Sai kuma wurin wankin mota, inda ake bin cikin gilashin da tsumman da aka goge dashbod da shi, cike da yashi, ana dirzawa sama da ƙasa. A goge ta ciki da tsumma mai laushi mai ɗan danshi, a bi layukan yadda suke kwance, daga hagu zuwa dama.

Yaya zan gano layin da ya yanke?

Hanya mafi sauƙi ita ce ka jira ranar da gilashin ya yi gumi, ka kunna, ka zuba ido. Layuka masu rai za su fara buɗe fili a kewayensu cikin 'yan mintuna, mataccen kuma zai bar farin zane a tsakiya. Ka lura da na nawa ne daga sama. Da rana ka bi shi da tocila a hankali, sau da yawa za ka ga yankan, wani bai fi kaurin gashi ba.

In ido bai gani ba, sai mitar awon wuta. Mai wayarin zai kunna hitar, ya ɗora baƙar wayar mita a jikin mota, jar kuma a tsakiyar layin. Layi mai lafiya zai nuna kusan volt 6, rabin na batir. Idan ya nuna kusan 12, yankan yana tsakanin nan da gefen da ke sauka a jikin mota. Idan ya nuna sifiri, yana ta gefen da wuta ke shigowa. Sai ya riƙa jan wayar a kan layin har inda lambar ta yi tsalle, nan ne wurin. Ya naɗe bakin wayar da 'yar takardar alminiyom mai laushi, kada wajen neman yanka ɗaya ya ƙara wani.

Ana gyarawa, ko sai sabon gilashi?

Ƙaramin yanka ana gyarawa. Akwai fenti na musamman mai ɗauke da garin azurfa ko tagulla, a 'yar ƙaramar kwalba. A goge wurin da sifirit, a manna salatif sama da ƙasan layin a bar siririn fili, a shafa fentin ya hau kan lafiyayyen layi ta kowane gefe, a ɓare salatif, a bar shi ya bushe yadda aka rubuta a kwalin, galibi kwana guda, kafin a kunna. Fentin farce ko na mota ba ya ɗaukar wuta, ɓata lokaci ne.

Idan kunnen waya ne ya ɓalle, akwai gam na musamman mai ɗaukar wuta. Sufa gulu zai riƙe shi gam, amma wuta ba za ta wuce ba. Liƙi da dalma yana yiwuwa a hannun wanda ya saba, a hannun ɗan koyo kuwa gilashin ne zai tafi. Layukan da aka kwashe da yawa wajen ɓare tintak, gaskiya gyaransu ya fi sauya gilashi wahala.

Ƙwan maɓalli yana kamawa, amma ko layi ɗaya ba ya ɗumi.

To ba layukan ba ne. A fara da fiyus, babba ne, yawanci mai lamba 20 zuwa 40, an zana alamar hitar ko an rubuta sunanta a murfin akwatin fiyus. Idan ya ƙone a sa mai lamba ɗaya da shi. Ɗaura masa silin waya, kamar yadda ake yi a wasu garejin, a layin da ke jan wuta irin wannan neman gobara ne. Daga nan sai rile, sai kunnuwan gefe biyu. A motocin da gilashin yake jikin ƙofar but, irin su Golf, Vibe, Sharon da Sienna, a duba wayoyin da suka bi ta cikin robar nan mai lanƙwasa a saman ƙofar. Buɗewa da rufewa na shekaru yana karya su a ciki, roba kuma tana nan lafiya ta waje.

Tun da aka taɓa gilashin baya rediyona ya daina kama tasha sosai. Akwai alaƙa?

Akwai. A motoci da yawa, musamman Honda da Toyota masu but, eriyar rediyo a gilashin baya aka buga ta: layukan can sama da ba su haɗu da na hita ba, ko masu wani zane daban. Reza ta taɓa su, ko an manta ba a mayar da 'yar wayarsu ba, ko an sa tintak mai ƙarfe-ƙarfe a jikinsa, sai tashoshi su riƙa shuu.

Gilashina ya fashe, zan je Ƙofar Ruwa. Me zan duba?

Ɗaga shi ga haske ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Tabbatar kunnuwan biyu suna nan, kuma a gefen da wayoyin motarka suke. In motarka mai eriya a gilashi ce, ka duba nata mahaɗin. Wanda ya zo da tsohon tintak a jiki, ka sa a lissafinka cewa sai an ɓare. In da hali ka tafi da mai wayarinka da mitarsa, a gwada kafin a biya. Bayan an ɗora, kafin ka bar wurin, ka sa a nuna maka an mayar da wayoyin. Sau da yawa ana barinsu suna lilo a bayan roba, mai mota bai sani ba sai damina ta zo.

Me ya sa ba a sa irinsu a gilashin gaba ba?

Za su tsaya wa direba a ido, ga kuma fanka da esi suna kusa. Amma akwai motocin da ke da hitar gaba, kamar wasu Ford na Turai da Land Rover, da wayoyi sirara ƙwarai a tsakanin ɓawo biyu na gilashin, sai ka matsa kusa kake ganinsu.

Baƙaƙen ɗige-ɗigen gefen gilashi fa?

Ba hita ba ne. Baƙin fentin gefe yana kare gam ɗin da ya riƙe gilashi daga rana, ɗige-ɗigen kuma ƙarshensa ne.

Motata kullum da safe gilashinta a jiƙe ta ciki, ko ba a yi ruwa ba.

Hajiya, ruwa ne yake kwance a wani wuri a cikin motar, hita za ta busar miki da gilashi amma gobe zai dawo. Ki sa a ɗaga kafet a taɓa soson da ke ƙasa. A ciro safaya a duba ramin da take zama, sau da yawa nan ruwa ke taruwa idan robar but ko ta fitilar baya ta saki, ko an bi ta cikin ambaliya. A duba tiyon da ke zubar da ruwan esi, in ya toshe a ƙafar mai zaman gaba yake juyewa. Idan kuma gumin yana da maiƙo, da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to hitar cikin dashbod ce take yoyo, aikin bakanike ne. In an gano wurin an toshe, a fitar da kafet ɗin ya sha rana, a bar ƙofofi a buɗe har soson ya bushe sarai kafin a mayar.